Kunne Ɗaya da Faifai Marar Suna

Likitar kunne a Manchester ba ta kai autata shekaru ba. Ta ɗora mini wani abu a ka irin na direban jirgin sama, ta ce duk sanda na ji ƙara in danna maɓalli. Na gyara zama ina jiran a fara. Ashe har an gama.

Ta yi wa ɗana bayani, shi kuma ya zagayo gefen damana ya ɗaga murya. Ɗan fari ne, ba zan kama sunansa a takarda ba. Akanta nake ce masa, don aikinsa ke nan a council, wato ƙaramar hukumarsu.

"Baba, ta ce na hagun ya tafi. Na daman ma yana kan hanya. Ba abin da za a yi operation a kai."

"To me ya rage?"

"Akwai na'ura da za a maƙala maka, za ka riƙa tsintar magana. Amma ba kamar da ba. Kamar rediyon da batir ɗinsa ya yi sanyi."

"Ita ta kawo zancen rediyo, ko kai ka ƙara?"

"Ni na ƙara, Baba."

"To ka bar mini rediyo, sana'ata ce."

Likitar ta sake wata magana tana kallona, sai da na matsa sannan ya fassara. Wai in akwai abin da nake so in ji da kunnen da Allah ya halicce ni da shi, kada in jinkirta. Akanta ya ɗauka muryar jikoki zan ambata. Su kam ina jin su, alhamdu lillahi, wani lokacin ma fiye da yadda na roƙa. Abin da ya faɗo mini a rai yana cikin akwatina a ƙarƙashin gado, tsakanin manyan riguna biyu: faifan garmaho guda ɗaya.

Bari in faɗi ko ni wane ne, kada a ɗauka wani shehin malami ne ke rubutu. A aji huɗu ni da malamin lissafi muka ga ba za mu daidaita ba, na bar masa makarantarsa. Na koyi gyaran rediyo a Sabon Garin Kano, kuma a shagon maigidana na fara jin Baƙaƙen Amurka. Akwai mai ihu kamar an taka masa ƙafa a kasuwa, amma ihun a kan kiɗa yake sauka daram. Akwai mai jita da ke sa ƙarfe ya yi kukan mutum. Akwai mai dukan piyano kamar sun yi faɗa. Akwai 'yan mata masu amshi, muryoyinsu a jere kamar an goge su da dutsen guga. Ban san me suke cewa ba, amma na san sun sha wuya kuma ba su yarda ta hana su rawa ba. A wajensu na yi sauran karatuna. Shi ya sa Turancina na faifai ne: na iya roƙon mace kada ta tafi, ban iya tambayar hanyar banɗaki ba.

Da na yi ƙarfi na sayi garmaho da lasifika biyu, nake sa faifai a rawar la'asar ta ranar Asabar. Ina da abokin hamayya, wani Ɗanladi daga unguwar Birged, mutum mai kunne amma marar kunya. Yakan turo a leƙa masa sunan faifan da nake juyawa, sati na zagayowa sai ka ji shi a wajensa, ya aika Legas an kawo masa. To sai na ɓullo da dabara. Ranar da sabon faifai ya iso, kafin ya hau garmaho, reza nake sawa in kankare takardar tsakiyar tas, in ƙona kwalin. Ɗanladi ya rasa sunan da zai aika Legas. Sai dai ni ma, da yake karatun nawa sai a hankali, ban tsaya haddace sunayen ba. Na raɗa musu nawa: Mai Ihu, Mai Jita, Mafaɗacin Piyano. Wadda nake rufe rawa da ita kuwa na sa mata Asabe.

Kaset ya zo, faifan CD ya zo, waya ta zo ta cinye su duka. Garmahona ya mutu, allura ta gagara a Kano. Faya-fayan, wasu zafi ya tanƙwara, wasu an ara ba a dawo da su ba. Asabe ce ta rage, kuma rabona da muryarta tun Akanta yana sakandare. Da ya aiko mini da tikitin zuwa ganin likita, na ce ƙasar da ta ƙera garmaho ba za ta rasa allura ba.

Gidansu a Whalley Range babba ne, na wani attajiri na da, amma an yanka shi kashi-kashi kamar ragon layya, su suka samu wuya, can sama. Ƙofofi a jere, ba ka sanin wa ke ciki sai dai ƙamshin girkinsa. Na yi wa wani maƙwabci sallama a kan bene, ya duba bayansa ya ga ko da wa nake. Da safe Akanta ya tafi ofis, matarsa ta tafi jami'a wajen bincikenta, yara su tafi makaranta, a bar ni da hita da taga. Ruwan garin ba ya sauka kamar namu a yi a gama, tsayawa yake a iska yana jiran ka fito. Nakan zauna in ga bas na wucewa ba ƙara, mutane na magana ba murya, kamar garin gaba ɗaya an rage masa sauti. A unguwarmu Fagge ko kurma ba ya rasa abokin hira, za a zauna kusa da kai ko don a ci goronka. A Manchester kuwa sai na yini ban buɗe baki ba, in azahar ta yi in ji muryata a kabbara kamar ta baƙo.

Wata rana bayan cin abinci na fito da faifan na ajiye a gaban Akanta.

"Baba, ai yanzu komai yana cikin waya. Faɗi sunanta in nemo maka."

"Asabe."

Ya fara dannawa, sannan ya tsaya ya ɗago kai.

"Baba."

"Ni na raɗa mata. Na yankan yana ƙarƙashin reza."

Ya ce in rera wa wayar, wai tana gane waƙa. Na gyara murya na rera mata iyakar ƙoƙarina, ta yi ta juyi, ta ce ba ta sani ba. Ban ga laifinta ba, ni ma da aka ɗauko muryar aka kara mini a kunne ban gane waƙar ba.

"Bari dai weekend, in sha Allah, sai mu duba inda ake sayar da garmaho."

Weekend ya zo ya wuce, wani ya biyo shi. Lokacin ne gwamnatinsu ta ce aljihunta ya huje, ake ta rage ma'aikata. Duk Juma'a sai ya dawo da labarin wanda aka sallama a ofishinsu, ya zauna da takardu yana dafe kai. Ga shi ya biya likita da kuɗinsa, don baƙo ba ya shiga layin 'yan ƙasa. Dattijo mai furfura, wanda ya je Makka, ya tsaya yana tuna wa ɗansa zancen garmaho a irin wannan hali? Na kama bakina. Kunnen kuwa bai jira ba. Da farko ƙarar butar shayi ce ta ɓace, sai ƙararrawar ƙofa.

Sai na fara fita ni kaɗai, faifan a ƙirjina cikin riga, kwat a sama.

Matar Akanta ta taɓa cewa a ɗakin karatu na unguwa akwai wurin sauraren tsofaffin faya-fayai. Na je na tarar da kwaɗo a ƙofa. Wata tsohuwar Baturiya mai jan keken cefane ta tsaya ta yi mini dogon bayani, fuskarta ja don fushi. Kalma ɗaya na tsinta, council. Na gyaɗa kai, ita ma ta gyaɗa, muka tsaya muna kallon kwaɗon tare kamar 'yan zaman makoki, sannan kowa ya kama gabansa.

A tsakiyar gari na sami shagon tsofaffin faya-fayai. Mai shagon saurayi ne da gemu har ƙirji, ka ce limami. Garmaho na gabansa yana sheƙi. Na miƙa masa Asabe da hannu biyu. Ya riƙe ta a gefe-gefe, ya kai ta gaban fitila, ya ga inda reza ta bi, sai ya dube ni kamar na kawo masa yaron da na yi wa duka. Ya nuna allurarsa, ya girgiza kai. Na fahimta. Allurarsa 'yar gata ce, ba ta hawa faifan da ya sha rawar Sabon Gari. Na ce masa, "Please, baby," don iyakar roƙon da na iya ke nan. Bai taimaka ba.

Sai kasuwar bayan mota, wadda suke ci ran Lahadi a wani fili, kowa ya buɗe bayan motarsa ya baje tarkacen gidansa. Nan na ga garmaho mai murfi, irin na da. Mai shi fari ne mai fara'a, ya kira ni aboki, ya dafa kafaɗata. Ya jona shi da wata waya da ta fito daga motarsa, ya kara kunnensa a jikin akwatin, ya lumshe ido, ya yafito ni in saurara. Na kara nawa. Ban ji komai ba. To amma yaushe rabon da in ji komai? Kunya ta hana ni in ce ni kurma ne, na ɗaga masa babban yatsa. Ya ce ba a sa faifai a cikin yayyafi, na ga gaskiyarsa. Na juye masa abin da ke aljihuna, na rungumo akwatin har gida. Da na sa sukudireba na buɗe ƙasansa, ba inji a ciki, sai gizo-gizo, shi ma ya mutu. Ni da na yi rayuwata ina buɗe cikin rediyon mutane, ni aka sayar wa akwatin da ba hanji. Na tura shi ƙarƙashin gado, ban gaya wa kowa ba.

Bayan wannan na daina nema. Nakan hau bas zuwa Rusholme in zauna a wani gidan abinci a Wilmslow Road, don akwai ɗumi kuma ba a korar mai kofi ɗaya. Wani ma'aikacinsu ɗan Pakistan, Bashir, ya lura da ni. Yakan ƙara mini shayi bai rubuta ba, ya kira ni Haji. Shi ne mutum na farko a ƙasar da ya gane da kansa cewa ta dama ake yi mini magana. Ran nan na fito da faifan ina goge shi da hannun riga, ya sunkuyo ya ce a Birmingham ya girma, a wata unguwa Lozells, kuma tsofaffin 'yan Jamaika na can ba su yar da irin waɗannan ba, suna da lasifikoki manya kamar ƙofar gida. Ya maimaita mini sunan unguwar har ya zauna a bakina.

Allah da ikonsa, aka haifa wa wani abokin Akanta, likita a Birmingham, muka tafi suna. Falo cike da 'yan boko, likitoci da injiniyoyi, ana ta siyasar gida da zancen mortgage, wato bashin sayen gida. Aka ba ni kujera mafi laushi aka manta da ni a kai. In sun yi dariya in yi, in sun ɓata rai in ɓata. Da aka idar da azahar kowa ya nufi shinkafa, ni na nufi takalmina.

Na faɗa wa direban bas sunan unguwar, ya nuna mini kujerar da ke kusa da shi, da muka iso ya taɓa hannuna. Gidaje a manne da juna, ƙananan shaguna, masu nama, masu kayan miya, masu gyaran waya. Sai a lokacin na ga wautata: na zo neman kiɗa da kunnen da ba zai nuna mini inda kiɗa yake ba. Na yi ta tafiya ina leƙen tagogi har ƙafa ta fara ƙorafi.

Ido ne ya cece ni. A bakin wani ɗakin taro na ga motar kaya a buɗe, wasu tsofaffi baƙaƙe suna ta nishi da wani akwatin katako da ya fi ni tsawo. Ko a mafarki na san lasifika. Mai ba da umarni wani dogo ne mai hular fata da sanda, daga baya na ji sunansa Mista Lenad. Sai na zura hannu a riga na fito da Asabe.

Ya karɓa, ya duba tsakiyarta. Ya sa babban yatsa ya shafa inda aka kankare. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya nemi bakin motar ya zauna yana dariya har da share ido. Na nuna masa kunnen dama, ya matso.

"Wa ya koya maka wannan aikin?"

Na haɗa Turancin da nake da shi na ce wani ɓarawon waƙa ne ya koya mini.

Ya jawo wani kwando a cikin motar, ya zaro faifai, ya zaro wani, ya jera mini a kan gwiwa. Duk an kankare su.

"Mu da kwabo muke yi," in ji shi. "Kowane gari da nasa ɓarawon. Kai da me?"

"Reza."

"Shi ya sa naka ya fi tsabta."

Ya gaya mini, rabi da baki rabi da hannu, cewa nan ne tsofaffinsu ke taruwa su ci abinci su ji faifai, amma council ta janye kuɗin, yau za su miƙa mukulli. Ni ma na gaya masa nawa: na nuna hagu na ce ya mutu, na nuna dama na ce yana kan hanya, na nuna faifan. Ya daina dariya. Ya juya ya yi wa abokansa magana, na ga fuskokinsu sun canza, don akwatin da suka gama ɗorawa da ƙyar shi ya ce a sauke. Direban motar ya nuna agogo yana ta faɗa. Mista Lenad ya ɗaga sanda ya nuna masa ƙofa, faɗan ya ƙare.

Ɗakin ba komai sai kujeru a kife da wata mata mai shara. Aka jona wayoyi. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, na karɓi ɗaya na murɗa da kaina, Mista Lenad ya duba ya gyaɗa kai. Ya wanke faifan da wani ruwa, ya goge shi a hankali, ya ɗora. Ya kama kafaɗuna ya juya ni, kunnen dama na fuskantar akwatin. Ya sauke allura.

Na ga faifan na juyawa. Na ga mai shara ta tsaya. Ni ban ji komai ba sai wani shuu mai nisa kamar ruwa a kan kwanon maƙwabta. Na ce a raina, shi ke nan, Isa, ka makara.

Mista Lenad na kallon fuskata. Ya kai hannu ya murɗa.

Ganga ta fara shigowa, ta tafin ƙafa. Babbar jitar nan mai gurnani ta biyo ta ƙirji. Masu busa suka taso can nesa, sirara, kamar daga wata unguwa. Sannan ita. Ba ta zo da ƙarfinta na da ba, ta zo kamar mai magana ta bayan ƙofa, amma ita ce. Akwai wani wuri a tsakiyar waƙar da makaɗa ke yin shiru, ta ja numfashi kafin ta hau sama. Wannan jan numfashin nake tsoron na rasa, don ba ya shiga ta ƙafa ko ta ƙirji, sai ta kunne. Na riƙe nawa numfashin. Ya zo. Ƙarami, kamar an buɗe ƙyauren kara, amma na ji shi.

Ban yi rawa ba, ni Alhaji ne. Ƙafar dama ce ta yi abin da ta ga dama, kuma ba ta shawarce ni ba. Mai shara kam ta rungumi tsintsiyarta ta zagaya ɗakin.

Da ta ƙare, tsofaffin suka shiga gardamar ko wace ce. Kowa da sunan da ya kawo, kowa na rantsuwa, ba biyu da suka yarda da juna. Mista Lenad ya sunkuyo kunnena.

"Ba wanda ya sani a cikinsu. Irinta suna da yawa. Faifai ɗaya, sai ta koma coci ko wankin gidan wani."

Ya sake sauke allura. Muna cikin ta biyu ya taɓa aljihuna, ashe waya ta daɗe tana kuka. Shi ya amsa, ya yi kwatance. Ba a jima ba, muna ta maimaita ta, Akanta ya bayyana a ƙofa da mukullin mota a hannu, hularsa a karkace, idonsa ja. Ya ga inda nake tsaye manne da akwati. Ya jira har allura ta kai ƙarshe.

Mista Lenad ya miƙo mini faifan, na mayar masa. Ya ce a'a, tawa ce. Na sa Akanta ya fassara mini sosai, don wannan ba maganar Turancin faifai ba ce: ni na gama jin rabona, in na koma da ita Kano cikin akwati za ta ƙare, shi kuwa yana da allura da kunne biyu. Ya ce akwatunan garejin 'yarsa za su, amma yana da ƙarami a ɗaki, kuma ran Lahadi yakan sa. Na ce ran Asabar ta saba. Ya ce zai gyara.

Muka shiga mota. Sai da muka hau babban titi Akanta ya karkato.

"Baba, da ka gaya mini abin ya kai haka."

"Kai ma da naka a ka. Duba hanya."

Kafin bizata ta ƙare na dawo gida. Kunnen daman ya cika alkawarin da likita ta yi a madadinsa, bai kai wata damina ba. Na'urar kunnen tana nan, nakan maƙala in za a yi maganar gado ko ta aure, amma Akanta ya yi gaskiya, rediyo ce mai sanyin batir. Yanzu sai na ga mutane sun miƙe nake sanin an kira salla. Da la'asar nakan zauna a ƙofar gida, ba abin da ke shigowa daga waje, sai in sauke allura a cikin kaina, daga ganga har inda take jan numfashi. Jikokin da ke nan in sun ga idona a lumshe, leɓena na motsi, sai su ja juna su rage murya, wai Alhaji na lazimi. Ban gyara musu ba.